Ragon da Ya Zama Ɗan Aikenmu a Kan Dutse

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, har da waɗanda na yi kuka a kansu, amma ranar da ni da maigida da rago muka hau dutse a gefen Tempane, wannan kam ba za ta bar raina ba. Ƙarshen damina ne, shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa. A Yendi wanki ba ya bushewa, gishiri yana narkewa a kwano, kuma duk wanda ka gaisa da shi sai ya ba ka labarin wata gada da ruwa ya tafi da ita.

A shekarar ce 'yata ta yi haihuwar fari. Tana aure a wani ƙauye can bayan Tempane. Da a gida za ta haihu a gabana, amma hanya ta yanke tun kafin watanta ya kama. Ranar da ta sauka ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "Mma, za ki zo suna?" Na ce mata ko da rarrafe zan zo. Na haɗa kanwa da yaji da daddawa da zannuwa a babban kwano. Maigida ya ce shi ma ba za a raɗa wa jikansa suna ba ya nan, ya sayi rago fari mai taurin kai, muka hau lori zuwa Bawku.

A Bawku ɗana na fari yake aiki, tare da masu haƙa rijiyar burtsatse. To, a nan sai na yi muku bayani, don yaran zango na yanzu dariya suke yi idan sun ji. Mu yadda muka tashi, ana kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na kallon fuskarsa, ba na zama tabarma ɗaya da shi. A Salaga ma ya girma, a hannun kakarsa. In ina da magana da shi, sai in gaya wa ƙanwarsa yana tsaye yana ji, shi ma ya ba ƙanwar amsa ina zaune ina ji. Haka muka yi shekara da shekaru, ba wanda ya ga aibun abin.

Da safe ya zo masaukinmu ya durƙusa ya gaishe mu. Ya ce lori ba zai kai mu ƙauyen ba, iyakarsa kwalbatin da ya karye, daga nan sai ƙafa ko babur, kuma turbar da mutane suke bi ta fadama tana cikin ruwa. Shi aiki ya riƙe shi, sai gobe zai zo a babur. Ya ce ko ya nemi izini ya ɗauke ni a baya? Ni in hau bayan ɗan fari in riƙe masa ƙugu? Na juya na kalli bango.

Sai ya ciro wani abu daga jaka, kamar waya amma ya fi ta kauri, mai ɗan ƙaho a ka. Ya ce sunansa jipiyes, da shi suke shiga daji, akwai taswirar ƙasar duka a ciki, tudu da kwari da rafi. Su suka haƙa rijiyar ƙauyen, don haka wurin yana ajiye a cikin injin. Ya kunna, ya miƙo shi tsakanina da ubansa, ya fara bayani yana nunawa da yatsa.

Ni dai bango nake kallo, ina gyara ɗaurin kwano wanda ba abin da ya same shi. Maigida kuwa nasa ba kunya ce kaɗai ba, har da girman kai. Jinin fataken goro ne na Salaga, ba a yin kwana biyu bai tuna mana cewa kakansa da ƙafa ya taka daga ƙasar Hausa har Gwanja ba. Mutum irin wannan ba zai sunkuya ɗansa yana koya masa hanya ba. Ya ɗaga kai sama yana murɗa rediyo. Yaron yana cewa "kun ga wannan layin, kun ga wancan," alhali ba wanda ya ga komai. Tambaya ɗaya uban ya yi.

"Yana nuna alƙibla?"

"Baba, ba wannan ba ne aikinsa. Abin da nake so ku lura da shi, waɗannan layukan..."

"An ji. Kawo."

Ya karɓa ya jefa a aljihun babbar riga.

Lori ya sauke mu a kwalbatin da hantsi. Akwai samari a wurin da suka ce za su raka mu, maigida ya ciro injin ya nuna musu, ya ce mun gode, muna da jagora. Na ɗora kwano a ka, ya riƙe igiyar rago da hagu, injin da dama, muka shiga ciyawa.

A gilashin akwai kibiya, wannan kam ko jariri ya gane ta. Sai kuma wasu layuka sirara masu ruwan ƙasa, suna lanƙwasa. A gefe ɗaya sun ware da juna, a inda kibiyar ta nufa kuwa sun matsu, sun yi zobe cikin zobe kamar zanen hula. Maigida ya tsaya ya daɗe yana dubawa, ya gyaɗa kai.

"Kin gani ko? Hanyoyi ne. Nan gefen da suka yi ƙaranci daji ne. Nan da suka taru suka cushe, gari ke nan. Dubi ma yadda suka zagaye, shataletale gare su kamar Tamale."

Na ce, "Maigida, ƙauye ne fa."

"Ƙauyen da aka haƙa wa rijiya ai ya ci gaba."

Ni ba mai musu ba ce. Kuma tsakani da Allah maganar ta shige ni, don a makarantar manya da na yi, duk layin da malama ta ja a allo tsakanin gari da gari hanya ce. Muka nufi inda layukan suka cushe.

Da farko gonakin dawa muka ratsa, muna gaida masu aiki, suna amsawa da Kusasanci suna bin mu da kallo. Wata mata ta ɗaga hannu tana nuna mana gefe, maigida ya ɗaga mata injin, ta sauke hannunta. Daga nan ƙasa ta fara tashi. Na ji numfashina ya canja. Gonaki suka ƙare, duwatsu suka fara. Maigida ya naɗe babbar riga a kafaɗa, can ya tuɓe ta ya ɗaura a wuya, can kuma ya miƙo mini ita na ɗora a kan kanwa. Duk sanda ya duba gilashin sai ya ce, "Mun tsallake hanya ɗaya. Ga wata mun tsallake." Ina duba ƙasa ban ga ko sawun akuya ba.

Na ce a hankali, "Hanyoyin nan ba a ganinsu."

"Ciyawa ce ta rufe su. Damina ce."

A cikinmu rago kaɗai ke jin daɗi. Dabbar da tun Yendi sai an ja ta, yanzu ita ke jan maigida, tana tsalle daga dutse zuwa dutse, shi yana biye yana kiran sunan Allah. Sau ɗaya ya zame ya zauna daram a kan ƙaya, ya miƙe da sauri ya ce dama yana son hutawa. Ban yi dariya ba. Na adana ta, ina fito da ita kaɗan-kaɗan har yau.

Azahar ta wuce muka kai tsakiyar zoben, wato shataletalen maigida. Tsirin dutse ne. Ba gida, ba kasuwa, sai wata itaciyar kaɗanya da iska. Na sauke kwanon na leƙa gaba, sai ga ƙauyen can ƙasa, rufin kwano yana ƙyalli, hayaƙi yana tashi, har mata nake gani a bakin rijiya ƙanana kamar tururuwa. Kibiyar tana nuna shi daidai, ba ta yi ƙarya ba. Sai dai tsakaninmu da shi dutsen ya yanke tsaye kamar bangon ɗaki. Ga gari, ga mu, ba wurin sa ƙafa. Daga gabas kuma hadari ya fara haɗuwa.

A nan ne abin ya daina ba ni dariya. Ɗaya daga cikin rufin nan 'yata tana ƙarƙashinsa da jariri, tana sauraron ƙofa. In ruwan nan ya same mu a sama, ba sauka sai gobe, in ma an sauka lafiya. Za a raɗa suna uwarta tana kan dutse da rago.

Na ce, "Maigida, a kira yaron nan."

Ya yi kamar bai ji ba. Na sake faɗa. Ya ciro waya yana gunaguni, Allah ya taimake mu akwai sabis a saman. Ya buga, ya buɗe murya, ya ajiye wayar a kan dutse tsakaninmu, ya harɗe hannu.

"Salamu alaikum. Baba? Kun isa?"

Maigida ya kau da kai, ni ma na kau da nawa.

"Baba? Mma?"

Maigida ya dube ni ya ce, "Ki gaya masa injinsa ya lalace."

To ni wa zan gaya wa? Ba ƙanwa, ba maƙwabciya, ba kowa. Na waiga, sai rago yana tuƙa yana kallona. Na matsa kusa da shi na ce, "Rago, ka ji mun bi inda hanyoyi suka yi yawa, ga mu a kan dutse, muna ganin gari ba mu iya sauka."

Sai na ji wani sauti a wayar kamar mutum ya toshe baki da hannu. Da ya dawo, da sauran dariya a muryarsa, ya ce, "Rago, ka gaishe min da Mma. Ka ce mata waɗannan ba hanyoyi ba ne. Kowane layi hawa ne. Inda suka matsu, tsayi ne mai wuya. Inda suka ware, ƙasa ce a kwance. Da safe na faɗa."

Maigida ya ce, "Bai faɗa ba."

"Rago, ka ce wa Baba gaskiyarsa, ban faɗa da ƙarfi ba."

Wannan ladabi nasa shi ya kwance uban. Ya miƙo mini injin ba tare da ya kalle ni ba, ya ce tabaraunsa na cikin babbar riga, babbar riga kuma duk kanwa. Karo na farko ke nan da na riƙe abin a hannuna. Yaron ya ce rago ya nemo masa wani layi shuɗi. Na ce wa rago na gan shi. Ya ce rafi ne. Ya ce mu manta da kibiya, ita miƙe take tafiya kamar tsuntsu, ba ta san mutum yana da gwiwa ba. Mu juya ta gefen da layukan suka buɗe, mu sauka a hankali, mu bar shuɗin a hannun hagu har inda zan ga ya sirance, a nan akwai duwatsun tsallakawa. Ya sa na karanta masa lambar da ke gefen gilashin, ya ce in ina sauka daidai za ta riƙa raguwa. Na gode wa Allah da malamar makarantar manya.

Haka muka sauko, ni a gaba da kwano a ka da inji a hannu, ina duba lamba tana raguwa, maigida a baya da ɗan aikenmu. Abin mamaki, da na san ma'anar layukan sai na riƙa ganin ƙasar tun kafin in taka ta. In sun fara matsuwa in kauce, in sun ware in bi. Muka tsallake rafin ruwa iya ƙauri. Yayyafi ya fara muna bakin rijiyar.

'Yata tana ganina ta fashe da kuka, ta ce, "Mma, na ce ba za ki iya ba." Na ce ai na gaya miki. Na karɓi jaririn tun ban wanke ƙafa ba. A waje kuwa ina jin surukai suna tambayar maigida ta ina muka ɓullo, don an hango mu daga wajen dutse, inda ko masu kiwo ba sa hawa da damina. Ya gyara murya ya ce shi jikan fatake ne, ba ya shiga gari sai ya fara duba shi daga sama.

Na yi ta tunani a ranar. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine ni, ban kuma yar da ita ba. Amma na gane cewa idan ɗanka ya durƙusa yana nuna maka abu da yatsa, to ka dubi inda yatsan yake. Bango ba zai gaya maka komai ba. Yaron ya ba mu duk abin da muke buƙata tun a Bawku, mu ne muka kai idanunmu wani wuri.

Washegari aka raɗa suna, aka yanka ragon. Da hantsi na ji ƙarar babur, ɗana ya shigo da laka har gwiwa, ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba. Ya waiga dama da hagu yana neman wanda za a aika, ƙanwarsa tana ɗaki, ɗan aiken jiya kuma yana cikin tukunya. Na shimfiɗa tabarma, na zauna a gefe ɗaya, na ajiye injin a tsakiya. Sunansa kam ban kira ba, har gobe ba zan kira ba. Amma na ɗaga kai na dube shi, na ga ashe har furfura ta fara fito masa a gemu ban sani ba. Na dafa ɗaya gefen tabarmar na ce, "Zo ka zauna nan. Nuna mini tun daga farko, ina kallo."