Mai Cizon Tocila

Ran nan da hadari aka tashi. Tun hantsi sama ta yi baƙi ƙirin, ruwa yana zuba a hankali, irin mai jiƙa mutum bai sani ba. A shagon ɗinkin da nake guga, ko an kunna ƙwan lantarki, ɗakin baya sai ka ce cikin rijiya.

A ɗakin bayan nan abokina yake aiki, yana gyaran kekunan ɗinki. Mun haura shekara ashirin tare, ni ina kan dutsen guga, shi yana ƙarƙashin keke. Telolin shagon suka sa masa Mai-cizo, don ba ya gyara sai da 'yar tocila a bakinsa. Hannu biyu na aiki ne, in ji shi, saboda haka haƙori ne zai riƙe haske. Ba shi da yawan magana. Ko ma yana da ita, bakin a cike yake.

Abin da ya kawo wannan rana shi ne, tocilarsa ta mutu bayan shekara tara. 'Yarsa ta ji labari, ta sayo masa wata ƙatuwa mai caji, wadda za ka haska ka ƙirga tsuntsaye a ƙolin itace. Yana ƙaunar 'yar nan ƙwarai, ya kasa ce mata ba irinta yake so ba. A makon nan kuwa babban keken shagon ya fara tsinka zare, ga rigunan 'yan makaranta jibge suna jira. Kwana biyu yana fama. Ya jingina ƙatuwar tocilar a kan tebur, haske ya bugi ƙarfe ya dawo masa ido, ya kwance nan ya ɗaure can, zare sai tsinkewa yake.

Dogo, telan da ke kan keken, ya riƙa faɗa yadda kowa zai ji, wai idon tsoho ya ƙare. Mai shagon, wadda muke kira Uwar ɗaki, ta ja Mai-cizo gefe cikin ladabi. Ta ce in keken bai tashi ba kafin a rufe shago gobe, za ta kira wani mai gyara, shi kuma ya je gida ya huta haka nan.

Ni ban razana ba. Na san idon da ke zura zare a allura ba tabarau bai ƙare ba.

Washegari, wato ranar ruwan, Mai-cizo ya ce in raka shi kasuwa. Lema ɗaya muka shiga. A rumfar mai tocila na ga yadda yake zaɓe, abin da ban taɓa gani ba duk tsawon zamanmu. Ya ture manyan gefe ko kallo babu. Ya ɗauki wata kamar ɗan yatsa, ya sa a aljihun riga, ya sunkuya ya ga ko za ta faɗo. Ya ajiye ta a kan tebur ya ɗan karkata shi, ta gangara, ya mayar. Wadda sai an danna sau uku tana walƙiya kafin ta mutu, ya ce wannan ta 'yan wasa ce. Shi makunni a gindi yake so, danni ɗaya ta kama, danni ɗaya ta mutu, da batir guda irin wanda ake samu a kowane kanti. Kowace kuma sai ya haska ta a jikin sukudirebarsa. Mai farin haske ƙal ya ajiye, ya riƙe wata mai taushin haske. Daga nan ya zaro hankici, ya naɗe gindinta, ya ciza.

“Baba, ta haskawa ce fa, ba ta ci ba,” in ji mai rumfa.

Ya cire ta daga baki ya ce, “Ɗana, in ta fi ƙarfin haƙorina, ta fi ƙarfin aikina.”

Biyar ya ciza kafin ya yarda da ɗaya.

Muka komo sharkaf. Dogo ya dube mu ya tambaya ko wanka muka je yi a kasuwar. Mai-cizo ya wuce wurin keken. Ya ce in kashe ƙwan ɗakin gaba ɗaya. Ya kwantar da kan keken, ya durƙusa, tocila a baki, ya karkata wuya har hasken ya kwanta a gefen ƙarfen da ke kama zare a ƙarƙashin allura, bai buge shi kai tsaye ba. Ya daɗe a haka. Can sai ya yafito Uwar ɗaki da hannu.

Ta sunkuya, ni ma na leƙa ta bayanta. Wani ɗan ƙarzane ne, bai kai gashin gira ba, inda wata karyayyar allura ta taɓa bugawa. A babban haske ba ya fitowa, amma da haske ya zo daga gefe sai ga 'yar inuwarsa. Shi ke cin zaren. Ya goge wurin da guntun samfefa mai laushi, ya ɗiga mai, ya mayar da kan keken.

Dogo ya hau ya ɗinka hannun riga, sannan wuya, sannan riga sukutum, zare bai ce uffan ba. Ya sosa ƙeya ya ce ashe tsohon da baki yake gani.

Uwar ɗaki ba ta tada maganar jiya ba. Cewa kawai ta yi, “Baba, je ka sauya riga kar sanyi ya kama mana kai. Gobe akwai ƙaramin keke yana jiranka.”

Shekara bakwai ya ƙara a shagon, har sai da ya ce da bakinsa ya gaji. Yanzu yana zaune a gidan 'yarsa, maƙwabta suna kai masa kekunansu. Haƙoran gaba sun zube, sai ta ɗinka masa ɗan maɗauri na roba yana ɗaura tocilar a gefen kai. Ƙatuwar tana rataye a bayan ƙofa, ƙaramar tana aljihun rigarsa.