Mai Fure Ba Ya Ajiye Saƙo A Ƙasa

Kafin mai shayin bakin kogi ya gama hura wuta, Mai Fure ya riga ya kwance kwalekwalensa. Zai tuƙa zuwa ƙetare, inda lambun furanni da shagonsu suke, ya tsaya a kan masu ɗauri yana mitar sun shaƙe wa furen wuya, ya jera damman a kwando, ya jiƙa buhu ya lulluɓe su, sannan ya juyo. A gaɓarmu tsohon kekensa na jingine da rumfar mai shayi. Ya ɗaure kwandon a baya, ya kurɓi shayin da kullum sai ya ce ya yi zaƙi da yawa, ya shiga lungunan ƙauye: gidan mai jego, gidan biki, ɗakin majinyaci. Shekara da shekaru ke nan, rani da damina.

Ƙarshen watan nan zai ajiye filafili. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce sanyin ruwa da hayaƙi sun ishe shi haka. Shagon kuma ya ce daga yanzu jirgin kasuwa mai inji ne zai riƙa sauke furannin a gaɓa, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Shi ya sa ya dace a jinjina masa tun yana ji da kunnensa. Amma a faɗi gaskiya, a ƙauyen nan babu wanda bawan Allahn nan bai taɓa kai wa maƙura ba.

Doka ɗaya gare shi, ita ce kuma ta addabe mu. Ba ya ajiye saƙo a ƙasa, ba ya barin sa a ƙofa, ba ya bai wa maƙwabci. Hannu da hannu, ga wanda aka aiko wa, ko kuwa ya koma da kayansa ƙetare. Tambayi kafinta. Ranar da 'yarsa ta aiko masa da fure don murnar ya tashi daga jinya, yana kan rufin mutane da guduma a hannu.

"Ajiye a kan bencin nan, Malam, ina zuwa!"

"Sauko dai."

"Haba, ba ka ga aiki nake ba?"

"Na gani. 'Yarka ba benci ta aiko wa ba."

Sai da kafinta ya sauko yana zufa yana tsaki. Shi da bakinsa yake ba da labarin, ya ce ya sauko da niyyar zagi, da aka ɗora masa furen a tafin hannu sai zagin ya ɓace masa. Ungozoma ma tana da nata: ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa har rana ta take, ya hana ta karɓa a madadin mai naƙuda, alhali can gidan biki amarya na jiran nata furen tana kumbura.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya shiga tsakaninsa da Mai Banda.

Mai Banda ita ce matar da ke busar da kifi a hayaƙi a ƙarshen layin masunta, mace mai aiki kamar inji, mai baki kamar reza. Tana da ƙanwa guda, tela, da ke aure a ƙetare. Tun suna yara kwalekwale ya taɓa kifewa da ƙanwar, daga ranar ko ruwan da ya kai gwiwa ba ta shiga. Ranar aurenta ma sai da aka rufe mata fuska aka riƙe ta tamau kafin a haye da ita. Da mahaifiyarsu ta rasu a nan ƙauyen, kogi ya cika ya batse. Tela ta zo har bakin ruwa, ta sa ƙafa ɗaya a jirgi, ta janye ta, ta zauna a gaɓa tana kuka. Yayar ta yi zaman makoki ita kaɗai, ta kuma rantse ba ta da sauran ƙanwa. Tun daga lokacin, duk mako tela sai ta aiko mata da damin fure. Duk mako kuma Mai Fure sai ya kai.

Zai jingine keke, ya yi sallama, ya miƙa hannu biyu.

"Yaya, ga saƙo."

"Ni ba yayarka ba ce."

"Mai saƙon haka ta ce in ce."

"To hannuna da ƙarni. Ba ka gani?"

Sai ta ƙara cusa hannun cikin daron kifi har gwiwar hannu. Shi kuwa ya tsaya kamar an dasa shi, hayaƙi na turnuƙe shi, furen na yaushi, sauran masu jiran saƙo na leƙe ta katanga suna Allah wadai. In ya gaji ya tafi ya gama zagayensa, ya sake biyowa. Hannun dai na cikin daro. Da yamma, lokacin da kowane mai hankali ya koma gida, shi sai ya sake kwance kwalekwale ya mayar wa tela furenta da ya langaɓe.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne amsar da yake kai mata. Bai taɓa cewa "ta ƙi" ba. Kullum sai ya ce, "Na same ta hannu da ƙarni." Tela ta gyaɗa kai, ta ce, "To, sai wani makon."

An yi masa magana har an gaji. Mai shayi ya ce ya jefa furen a kogi ya ce an karɓa, wa zai sani? Kafinta ya ce ya faɗa wa tela gaskiya ta huta. Matarsa kuwa, wadda ke kwana tana jin tarinsa, ta fi kowa zafi.

"Malam, wai kai ka haife su ne? Su yi faɗansu, kai ka sha hayaƙi?"

"In na ce an karɓa, na yi ƙarya. In na ce an ƙi, ta daina aikowa."

"To ta daina mana!"

"In ta daina, me ya rage a tsakaninsu?"

Ta yi tsaki ta tura masa kwanon abinci.

Kai ne mai taurin kan da ya fi ƙarfin ƙauye guda, Mai Fure. Kai ne ka bar amare suna jira saboda tsohuwa mai riƙo. Mun zage ka a bayan ido, mun zage ka a gaban ido, ko a jikinka. Sai yanzu muka lura cewa duk shekarun nan kai kaɗai ne maganar da ke wucewa tsakanin 'yan uwan nan biyu, kuma ka fi kowa sanin haka.

Shi ya sa maganar likita ta hana shi sukuni. Ba barin aikin ne ya dame shi ba. Jirgi mai inji ba zai tsaya a ƙofar kowa ba. Za a jibge furen a gaɓa, Mai Banda ba za ta aika a ɗauko ba, awaki su cinye, shi ke nan an rufe zancen. Ga shi tela ta kwanta ciwo tun farkon damina, keken ɗinkinta a lulluɓe da zane. A makon da ya wuce, da ya je karɓar saƙonta, mijinta ne ya miƙo damin ta ƙofa, ita tana daga kan gado tana cewa da ƙyar, "Ka ce da Yaya ina gaishe ta."

Ranar ya canza tsari. Ya fara raba wa kowa nasa, abin da ya sa mai shayi ya ce lallai yau za a yi ruwa. Da kwando ya rage dami ɗaya, ya nufi layin masunta, ya jingine keke, ya tsaya daidai inda iska ke kaɗo hayaƙin murhun.

"Yaya, ga saƙo."

"Hannuna da ƙarni."

"Zan jira. Yau ba ni da wani wurin zuwa."

Ya jira. Tari ya fara, irin mai fitowa tun daga ciki. Ta yi kunnen uwar shegu, tana juya kifi a kan raga. Tarin ya ƙaru har ya dafa katanga da kafaɗa, don hannuwansa biyu na riƙe da fure. Masunta suka bar gyaran koma suka taru. Wani ya ruga ya kira matar Mai Fure, ta zo mayafi a hannu tana faɗa tun daga bakin layi, rabi da shi, rabi da Mai Banda.

"Kai wane irin mutum ne?" Mai Banda ta daka masa tsawa. "Matsa daga hayaƙin nan! So kake ka mutu a ƙofata a ce ni ce?"

"Karɓi in matsa."

"Ajiye a kan turmin can!"

"Ba turmi aka aiko wa ba." Ya numfasa da ƙyar. "Wannan ne na ƙarshe da zan kawo, Yaya. Mai aikowar ma yau ba ta iya tasowa ta ba ni da hannunta ba."

Mai Banda ta tsaya da kifi a hannu, ta dube shi, ta dubi ƙetaren kogi. Sai ta jefar da kifin a daro, ta ja buta, ta ɗauki sabulu. Ta wanke hannu ta sake wankewa, tana surutu ita kaɗai: mutum ya ƙi barin mutane su sha iska, shekara da shekaru ya zame mata ƙarfen ƙafa, wannan ai zalunci ne. Ta goge a zaninta, ta fizge damin.

"Ba don ita na karɓa ba. Don ka bar min ƙofar gida ne."

"Na gode."

Ta tsaya riƙe da furen kamar an ba ta jaririn wani, ba ta san inda za ta sa shi ba. Can ta ce, "Ba na so. Mayar mata da kayanta."

"Abin da aka karɓa ba na mayarwa."

"To ni zan mayar! Ina wannan ruɓaɓɓen kwalekwalen naka?"

Ƙauye guda ya raka su bakin ruwa. Mai shayi ya shaida cewa tun daga gaɓar nan har ƙetare faɗa take yi, wai tuƙinsa ya yi sanyi, wai ruwa na fantsamo mata a kan fure. Mijin tela kuma ya shaida cewa ta shiga ɗakin da faɗa, ta ce wa ya ce a bar mara lafiya ba a buɗe taga ba, sannan ta ɗora wa ƙanwarta damin a hannu, ta zauna a bakin gado. Har yau Mai Banda tana can tana jinyar ƙanwarta, kifin layin masunta ya rasa mai banda, yanzu kuma haushin wannan muke ji.

Mai Fure ya dawo shi kaɗai da kwando wayam. Matarsa na jiransa a gaɓa da ruwan zafi da sauran faɗan da ba ta gama ba.

Mun gode, Mai Fure, na tsaye a ƙofa, mai kai saƙo har tafin hannu. Ka ɓata mana lokaci, ka ƙona mana rai, kuma ba mu san wanda zai yi mana haka nan gaba ba. Allah ya ba ka lafiyar ƙirji, ya ba matarka ladan haƙuri da kai. Mu kuma da muka rage, masu jefa saƙo ta katanga mu wuce, masu cewa "na bar maka wurin maƙwabci", mu ji kunya mu koya. In an ba ka amanar wani, ka kai ta hannunsa, ko da zai zage ka. In ya ce hannunsa da ƙarni, ka tsaya ya wanke.