Hannun Daman Malam Makulli

Auta ta fara jin sunan Malam Makulli ne ranar da Yayarta ta dawo daga jami'a, ta cire kwaɗon ƙofar kicin ta jefa a jaka. Mama ta tambaye ta ko sata aka fara koya musu a makarantar. Yaya ta ce a'a, malaminsu ne ya ce kowa ya zo aji da kwaɗonsa. Mama ta ce to a gaya wa malamin, idan ɓeraye suka shiga shi zai zo ya yi gadi.

Malam Makulli ɗan mai walda ne, ya taso cikin tartsatsin wuta, bayan hannayensa duk tabon ƙuna. Lissafi ya karanta, ya ƙare a koyar da yadda ake tura saƙo ta waya ba tare da wani ya karanta shi a hanya ba. Gajere ne, mai sanƙo, yana hawan tsohon babur da sai an tura yake tashi. Matarsa nas ce. Ajinsa ƙarami ne, na 'yan shekarar ƙarshe, suna zagaye teburi ɗaya a wani ɗaki na saman bene mai fanka mai kuka.

Kowace shekara da akwati yake buɗe darasi, wani akwatin ƙarfe mai nauyi da babansa ya ƙera masa, da wurin saka kwaɗo biyu. Mai aikawa zai sa takarda ya kulle da kwaɗonsa, ya miƙa wa ɗalibin da ke zaune a tsakiya, wanda suke kira Maƙiyi. Maƙiyi ya kai wa mai karɓa, shi kuma ya ƙara nasa kwaɗon ya maido. Sai na farko ya cire nasa ya sake turawa. Akwati ya yi ta bi ta hannun Maƙiyi, bai taɓa samun shi a buɗe ba. A shekarar su Yaya, wani ɗalibi da ake ce wa Dogo ne Maƙiyi, har a wajen cin abinci mutane kan rufe kwanonsu da littafi idan ya zauna kusa. Malam kan ce Maƙiyin da yake zanawa a kan allo yana da kunne, yana da haƙuri, amma lissafi bai ba shi sanda ba.

Daga akwati suka koma waya. Suka haɗa manhajarsu, wadda kowane saƙo ke da makullinsa, da an karanta sai makullin ya lalace. Babu mai iya sake buɗewa, har shi Malam da kansa.

Wata safiya motar da Yaya ta shiga ta tsaya a kan gada. A ƙasa, inda ake ɗibar yashi, yaran wani mai tifofi sun kewaye wani direba da ya ƙi yi masa aiki. Da shebur suka fara, suka gama da adda. Mutumin yana rarrafe zuwa ruwa suna jawo shi ta ƙafa. Kowa a motar ya sunkuyar da kai, ita ta ɗaga waya ta ɗauki bidiyo, ta tura wa wata lauya ta manhajar ajinsu. Wani a cikin yaran ya hango ta. A bakin tasha suka cim mata, ɗaya ya fizge wayar, ya kai mata naushi a baki har haƙori ya fita, ta bar masa mayafinta ta shige cikin kasuwa da gudu. Kafin rana ta take, Mama ta fitar da ita daga garin. Mama da Auta ne kaɗai suka san inda aka kai ta.

Abin da ya faru a ajin, a bakin Dogo Auta ta ji, sannan ta bi sauran ɗaliban ɗaya bayan ɗaya ta tambaya, domin ita ce mai riƙe wa gidansu irin waɗannan labaran.

Da rana tsaka yaran mai tifofin suka hau benen, ana cikin darasi. Babbansu, wani mai jan ido da suke ce wa Oga, ya sa aka tare ƙofa da benci, ya ajiye wayar Yaya a kan teburi. Ya ce an gaya masa nan ne aka ƙera abin, don haka a buɗe masa ya ga wa ta tura wa. Malam ya ce ba zai yiwu ba. Oga ya ɗauke shi da mari har tabaransa ya faɗa ƙarƙashin teburi.

Malam ya lalubo tabaran, ya mayar, sannan ya ɗauki alli. Duk ɗaliban sun rantse wa Auta cewa ba dabara yake yi ba. Da zuciya ɗaya ya yarda cewa idan mutanen nan suka fahimci hujjar, za su ga babu amfanin dukan kowa, su tafi. Ya zana mai aikawa, ya zana mai karɓa, ya ja kibiya, jini yana ɗiga daga hancinsa a kan riga, yana juyowa yana tambayar Oga ko ya gane zuwa nan. Oga ya ƙyale shi sai da ya ci rabin allo.

“Malam, da wannan hannun kake duk wannan rubutun?”

Biyu suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan teburi. Oga ya duba ɗakin, idonsa ya faɗa kan akwatin ƙarfe. Ya ɗaga shi da hannu biyu ya sauke a kan hannun Malam. Dogo ya ce ƙarar kamar an taka busasshen kara, kuma kwaɗon kicin ɗin Mama yana rataye a jikin akwatin yana lilo. Dogo ya yi kukan kura ya kama wuyan Oga, wani ya sare shi a goshi da adda, jini ya rufe masa ido, ya zube tsakanin kujeru. Wata ɗaliba ta yi amai. Oga ya daina maganar waya, ya koma tambayar inda yarinyar take. Kowace tambaya da saukar akwati. Malam yana ihu yana cewa bai sani ba, har muryarsa ta mutu, ya koma girgiza kai kawai.

Ihun ne ya tara ɗaliban ƙasa. Suka zo da duwatsu da ƙafafun kujeru, suka ɓalle ƙofar. Oga da biyu suka kutsa ta cikin mutane suna wulwula adda. Na ƙarshensu ya diro ta taga, ƙashin ƙafarsa ya fito waje, sai da malamai suka kwanta a kansa kafin aka bar shi da rai. Shi ne ya ambaci sunan mai tifofin. Amma mai tifofi yana gidansa har yau, shari'a kuwa tana jiran ranar da Yaya za ta tsaya ta faɗi abin da ta gani.

Yatsu biyu aka yanke wa Malam, sauran sun ƙage. Ya koyi rubutu da hagu, rubutun kamar na ɗan aji ɗaya, ɗalibai suna tsokanarsa yana dariya. Babur ya gagare shi, matarsa ke sauke shi. Akwatin yana nan, Dogo ya wanke shi, gefe ɗaya ya lotsa. Yanzu idan Malam ya zana Maƙiyi a allo, yakan ƙara masa sanda.

Tun yana kwance a asibiti Mama ta aiki Auta ta gaishe shi, ta ce a kwantar masa da hankali, a gaya masa inda Yaya take, tunda ya fi kowa cancantar sani. Auta ta same shi hannu a rataye, fuska a kumbure, matarsa tana ba shi ruwa da cokali. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta matso kusa da kunnensa. Ya ɗaga hannun hagu ya tare bakinta.

Ya ce mata ranar da abin ya faru Yaya ta kira shi da wayar wani, za ta faɗa masa inda za a kai ta, ya kashe kiran. Mutane suna ta zuwa suna ce masa jarumi, shi kuwa ya san abin da ya sani.

“'Yata, da na san wurin, da na faɗa. Tun a yatsa na biyu na so in faɗa. Na laluba kaina ban sami komai ba.”

Auta ta fara kuka, ya ce ta bari, za ta sa nas ta kore ta, kuma nas ɗin nan ba ta da sauƙi, a gida ma haka take. Matarsa ta harare shi. Sannan ya juyo da idon da ke buɗewa ya dubi Auta.

“Muddin tana lafiya, ki riƙa zuwa kina gaishe ni, zan gane. Amma inda take, kada ki taɓa gaya mini. Ko na tambaye ki, ko na roƙe ki, ko kin ga ina kuka.”