Sunan da Ya Kai Inna Bencin Baya

Mu Kirista ne, kuma a cikin birni na girma, a wani lungu tsakanin Dala da Ƙofar Mazugal. In na faɗi haka sai a riƙa dubana kamar na shara ƙarya. Babana direba ne, shi yake jan motar wani malami mai fataucin fata, wanda kakanninsa suka zo daga Barno. Da Baba ya rasu, Malam ya ce da Innata babu inda za ta je da marayu biyu, ta ci gaba da zama a ɗakin da ke kusa da rijiya. Muka zauna, ni da ita da yayana. Inna ungozoma ce, rabin yaran lungun nan ita ta yanke musu cibiya. Ran Lahadi mu fita ta ƙofa, mu ratsa Fagge mu je coci a Sabon Gari, mu dawo da yamma a yi mana sannu da zuwa. Ba wanda ya taɓa ce mana kanzil.

Inna ba ta iya karatu ba, wa'azi ma rabinsa a gyangyaɗi take jin sa. Amma jibin Ubangiji, wannan kam ba ta haɗa shi da komai ba. Tun jajibere za ta bi duk wadda suka sami saɓani ta nemi gafara, har da Hajiya matar Malam, wadda takan ce mata, "Ke dai kin cika neman magana, me kika yi mini?" Ɗan gutsuren burodi ne da kurɓi ɗaya na ruwan inabi da ake rabawa a coci, amma in ta karɓa sai ta wuni fuskarta a sake. Ta taɓa ce mini a nan ne kaɗai take jin ba ita kaɗai take ɗauke da mu ba.

Ina budurwa aka yi Araba, rikicin da aka far wa 'yan Ibo. Da abin ya sake tashi a ƙarshen damina, ya fi na farko muni, akwai wata mata 'yar Ibo a Sabon Gari da Inna take duba cikinta, ya kuma tsufa. Da safe Inna ta saɓa mayafi ta ce za ta je ta gani. Na riƙe ta, ta fizge. Wajen azahar sai ga ta ta dawo da matar, ta lulluɓe ta ruf, ƙafafunsu duk toka. Mijin matar ya fita tun jiya bai dawo ba. Malam yana zaune a zaure. Ya ɗaga kai ya dube su, ya mai da kansa kan allonsa, ya ce a gaya wa Hajiya ta share ɗakin ciki. Iyakar abin da ya ce ke nan. Namiji baƙo ba ya wuce zauren Malam, mun san da wannan, muka ɗan sami numfashi.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne jariri ba ya ɓoyuwa. Bayan 'yan kwanaki matar ta haihu da rana tsaka, 'ya mace, mai murya kamar ta shekara. Lungunmu kuwa ko tari ka yi maƙwabta sun ji. Kafin la'asar mata sun fara sallama, sun zo barka. Hajiya ba ta ko ƙifta ido ba ta ce matar ƙanen Malam ce, an kawo ta daga Barno ta haihu, ba ta jin Hausa. Wata tsohuwa da ba ta manta Barbarci ba ta matsa ta gaishe ta da yaren. Mai jego ta sunkuyar da kai cikin mayafi ta yi gum, mata suka kwashe da dariya, wai ka ga kunyar haihuwar fari irin ta mutanen da.

Wata maƙwabciya ce ba ta gamsu ba. Ta tare Inna a bakin rijiya, ina tsaye da guga a hannu.

"Ke kika karɓi haihuwar nan. Tsakaninki da Allah, wace ce?"

"Wallahi 'yar Barno ce," in ji Inna.

Ban taɓa jin ta rantse ba sai ran nan.

To, an haihu a gidan malami, a ce ba a yi suna ba? Ai shi ke nan an tona kai. Malam ya yi wa jaririya huɗuba, ya sa aka sayo rago, aka raba goro. Ranar suna malamai suka cika zaure aka raɗa mata suna, aka shafa fatiha. Wanzami ya zo aski, Inna ce ta riƙe ta a cinya. Aka soya nama muka ci, har da ni. Mai jegon kuwa, baiwar Allah, ta sha wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, ba ta taɓa cewa wayyo ba, don kada a ji harshenta. Da aka fara kwashe mutanen Gabas a jirgin ƙasa, Malam da kansa ya kai su tasha, tana cikin mayafin Hajiya. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Da Inna ta ja bakinta ta yi shiru, da magana ta ƙare. Amma a cocinmu akwai lokacin ba da shaida, inda mutum yake tashi ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. Inna ta tashi da murnarta ta zayyana komai, tun daga mayafi har rago. Tana jira a ce amin. Cocin ya yi tsit. Ni na gane tun kafin ta zauna, ita kuwa sai da aka ce dattawa suna son ganinta bayan sujada.

Na bi ta, na tsaya a bakin ƙofar ofis.

"Mama," in ji Fasto, "kin rantse da sunan Allah a kan ƙarya?"

"Na rantse."

"Kin kuma riƙe 'yar Kirista aka yi mata sunan wani addini, kika ci naman?"

"Na ci, Fasto."

Wani dattijo ya gyara zama ya ce da ta dogara ga Ubangiji, da shi ya toshe kunnen maƙwabta. Wanda Allah ya nufa zai rayu, zai rayu, ba sai an taimaka masa da ƙarya ba. Wanda kuma ya nufa zai tafi, ƙaryarta ba za ta tsare shi ba. Abin da suke so kaɗan ne, in ji shi. Ta tsaya gaban jama'a ta ce ta yi nadama, da za a sake ba za ta yi ba.

"Ƙarya zunubi ce, na sani," in ji Inna. "Tun a bakin rijiyar na roƙi gafara. Wannan zan faɗa a gaban kowa. Amma in ce da ban yi ba, Fasto, bakina ba zai iya ba."

Aka sa ta a horo.

Wanda bai san horo ba, ga shi. Za a karanta sunanka a gaban jama'a, ka koma bencin baya kusa da ƙofa, ba ka waƙa a ƙungiya, ba ka addu'a a fili. In an zo jibin Ubangiji sai a ce waɗanda ke ƙarƙashin horo su ba da wuri. Abokan zaman Inna su ne 'yan matan da suka yi ciki kafin aure da wani mutum da burkutu ya fi ƙarfinsa. Su sukan yi 'yan watanni, su yi kuka, a mai da su. Wasu su zo, su ma su wuce. Inna tana nan. Ranar jibi ta fita ta tsaya gindin darbejiya tana jin waƙar ta taga, tana motsa baki.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ba kuma zan ɓoye ba. Ina dattawan nan suke ranar da Inna ta ratsa hayaƙi? Ɗaya, kowa ya sani, maƙwabcinsa ya buga masa ƙofa har ya gaji bai buɗe ba. Wani kuwa bayan rikici sai ga keken ɗinki da gadon ƙarfe a ɗakinsa, ba wanda ya tambaye shi kasuwar da ya saya. Su ba su yi ƙarya ba, ai ba a tambaye su komai ba balle su yi. Hannunsu tas, suna zaune a gaba. Fasto kam ba mugu ba ne, na yarda. Ya binne mutane da yawa a kwanakin nan, ya tsorata, yana ganin in ya saki doka ɗaya komai zai zube. Amma tsoronsa a kan uwata ya sauke shi.

Na ce mata mu bar cocin, coci nawa ne a Sabon Gari. Ta ce a nan aka yi mata baftisma, a nan aka yi wa Baba addu'ar ƙarshe, ba ta zuwa ko'ina. Ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura Malam ya ji. "Mutum ya yanka ragonsa don Allah, ki je ki gaya masa ya jawo mini wahala?" Har Malam ya koma ga Mahaliccinsa bai sani ba.

Sai yaƙin basasa ya zo. Yayana ya shiga soja, kamar yawancin samarin cocinmu. Da farko mukan ji labarinsa a bakin waɗanda aka dawo da su da rauni, wannan ya ce ya gan shi, wancan ya ce sun ci abinci tare. Daga baya labari ya yanke. Inna ta bi asibiti da bariki tana tambaya har takalminta ya tsinke.

A nan ne matan coci suka samo bakin zaren, a ganinsu. Ba da faɗa suke zuwa ba, da tausayi suke zuwa, shi ya fi ciwo. "Mama, ki duba fa. Hannun Ubangiji yana kan gidan nan. Ba ya yin abu a banza." Wata ta ce mata ga shi can ana cewa yunwa tana kashe yara a Gabas, to ina amfanin ƙaryar, ta dai jinkirta abin da Allah ya riga ya shirya. Na wanke wannan matar tas a harabar coci, na tambaye ta ita wane zunubi ta yi da aka kawo mata gawar ƙanenta. Ban yi daidai ba, ban kuma ji komai ba. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana.

Ran da ta yi maganar, muna tsintar shinkafa ne a tsakar gida.

"Ke kina ganin saboda ni ne?"

"Haba Inna. 'Ya'yan mutane nawa suka ɓace? Duk iyayensu suna ne suka yi?"

"Ban san abin da yake so da ni ba," ta ce. "Da ina ganin shi ya tura ni Sabon Gari ran nan. Ƙafata ba ta ko yi rawa ba. Yanzu in na durƙusa ba na jin komai. In shi ya aike ni, me ya sa ya hana ni teburinsa? In kuma ba shi ba ne, to yaron me ya yi?"

Yanzu na girme ta a shekaru, na sha wa'azi a kan nufin Allah har na ƙoshi, har yau ban sami amsar tambayarta ba. Abin da na lura kawai, masu saurin sanin nufin Allah a kan ɗan wani suke saninsa.

Yaƙi ya shiga shekararsa ta ƙarshe, Inna ta rame har zani yana zame mata. Wata Lahadi, ba ta yi shawara da ni ba, na ga ta taso daga bencin baya ta nufi gaba. Fasto ya sauko ya tsaya kusa da ita. Ya tambaye ta a hankali ko ta yi nadama, kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

"Na yi nadama," in ji Inna. "Da za a sake, ba zan yi ba."

Mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗauki waƙa, wasu har da hawaye. Aka kama hannunta aka zaunar da ita a cikin manyan mata. Da faranti ya zo ta ɗauki burodin ta ci, ta kurɓa. Ina kallonta daga inda nake, ina jiran fuskar nan da na sani. Ta dai haɗiye.

A hanyar gida muka ratsa Fagge rana tana dukanmu. Sai da muka zo Ƙofar Mazugal ta tsaya, ta dafa bango. Masu kekuna suna ta kauce mana.

"Kin ji abin da na ce?"

"Na ji, Inna. Ai ya wuce."

"Ba ki ji ba. Na tsaya a gaban Allah na ce da na bar su an kashe. Ita da yarinyar. Abin da na ce ke nan." Ta share bakinta da gefen mayafi. "Duk shekarun nan suna horona a kan abin da ban tabbata ba. Yau da na yi na gasken, sun ba ni burodi."

Yayana bai dawo ba. Aka gama yaƙi, aka yi ta sauke sojoji a tasha, babu shi, babu wanda ya ga inda ya faɗi. Matan coci suka zo gaisuwa suka ce nufin Allah ne, a yi haƙuri.

Inna ta ci gaba da zuwa coci har ƙafafunta suka gaza. Tana zaune a gaba cikin manyan mata, ana ba da misali da ita in ana wa'azi a kan tuba. Duk ranar jibi, in faranti ya zo, sai ta karɓa da hannu biyu ta miƙa wa ta kusa da ita. Ba ta sake ci ba har ta mutu, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta dalili.