Tsohon da Yake Lasar Ƙashi

Jiya ina haƙa a ɗan lambun gidanmu na unguwar Fallowfield zan shuka alayyafo, sai na tono wani farin abu. Ban san lokacin da na kai shi baki ba. Matata ta ce, "Lafiyarka kuwa?" Ni ko dariya nake, don marigayi Baba ne ya faɗo mini a rai.

Baba, kamar yadda muke kiran tsohon, malamin tono kayan tarihi ne. A Minsk, babban birnin Belarus, ya yi karatu, ya tsufa a wajen 'yarsa a unguwar Small Heath. Kullum zancensa wani ɗan Belarus ne na zamanin da, mai tone tuddan kaburbura, wanda ko guntun fasasshiyar tukunya ba ya rainawa.

Shekarar da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, jami'a ta soke tonon da zan yi digiri a kansa. Na je yi wa Baba sallama zan koma gida ƙasarmu. Sai ya miƙo mini cebur, ya ja ni lambu cikin yayyafi. Muna cikin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa muka tono wani abu, ya goge a rigarsa, ya lasa.

"Ya manne! Ƙashin tunkiya ne, ɗana! Dutse ba ya kama harshe. Lasa ka ji!"

"Baba, duk ƙasa ce fa."

"Ai ƙasar ce aikinka! Wa ya soke ta?"

Na lasa, ya kama harshena caraf. Ban koma gidan ba. A kan lambunan Small Heath na rubuta digirina.

Abin da na tono jiyan ma ya manne. Allah Ya sa ƙasar da Baba ya ƙaunata ta riƙe shi da tausayi.