Isufu da Zagayen Bayan Tudu

Da kakar bana Isufu ya cika shekara bakwai a ƙasa, ni kuwa har yau ban huce da shi ba. Allah ya jiƙansa da rahama, wannan kullum ina roƙa masa. Amma taubashina ne, ɗan gwaggona, tun muna yara a Tasawa ba mu raga wa juna, kuma ban ga dalilin da zai sa in fara raga masa don ya mutu ba. Mutumin nan ya tafi ya bar mini bindiga a ƙarƙashin gado, ya haɗa ni da bakin dangi.

Likitan dabbobi ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan moto, wato babur, tsakanin ƙauyukan Tasawa da Mayahi, yana yi wa shanu da awaki allura. Da ya ajiye aiki, sa'o'insa suka kama noma da zaman majalisa, shi kuwa sai ya tafi Maraɗi ya dawo da bindigar iska, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata dalma guda ɗaya, 'yar ƙarama kamar ƙwayar dawa. Muka ce madalla, za mu ci zabi da kurciya. Ina! Ashe gwangwani ya sayo ta ya harba. Matarsa Hajiya Rabi ta daina ganin gwangwanin tumatir a madafarta, ko wanke shi ba ta gama yi ya ɓace. Kafin wata biyu duk unguwa ta sa masa Sarkin Gwangwani, shi kuma yana amsawa da fara'a, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Bai san ta inda ake farawa ba, kuma bai yi girman kai ba. Ya fara kai ta wajen jandarma da mai unguwa suka gani, sannan ya nemi wani tsohon maharbi a wajen Urafan, Baba Jibo, wanda Isufu ya taɓa yi wa jakinsa magani. Tsohon ya yi dariya har da hawaye da ya ji babban mutum zai harbi abin da ba a ci, amma ya ba shi ƙa'idar da shi ma ya gada. Sabon shiga sai ya yi Juma'a uku. Ta farko ya ɗauki bindiga a karye, bakinta na kallon ƙasa, ya yi ta yawo da ita har hannunsa ya saba. Ta biyu ya koyi saiti da riƙe numfashi, yatsansa nesa da kunamar bindigar. Ta uku ake ba shi dalma biyar. Abin harbi kuma a gindin tudu ake jera shi, don rairayi ya haɗiye duk wadda ta kuskure. Sai babbar ƙa'ida: kowace rana, kafin a sa dalma, sai mutum ya taka da ƙafarsa ya zagaya bayan tudun ya ga abin da ke can.

Isufu ya riƙe wannan zagaye kamar alwala. Akwai wani tudun rairayi a gefen hanyar Urafan, nan ne filinsa kowace Juma'a bayan la'asar. Ko jiya ya zagaya, yau ma sai ya sake. Ni da nake raka shi don in samu abin tsokana, na sha zama a inuwar aduwa ina kallon dattijo da furfura yana haki a cikin rairayi don ya je ya gaida fili. Na ce masa aljanun wurin ma sun gaji da sallamarsa.

Daga tsokana sai abin ya shiga raina, na yi Juma'a ukun nan ina gunaguni, na fara kayar da gwangwani, kaina ya kumbura. Wata rana ya je kama ruwa, ya bar ni da bindigar. Na ga gwangwanin a gindin tudu ba ya fita sosai, sai na ɗora shi a kan tsololuwa inda sama ke bayansa. Zagaye kuwa na ce wane zagaye, ba mu daɗe da yin na makon jiya ba. Na harba, na kuskure. Sai na ji salati daga bayan tudu.

Wata Bafillatana ce ta ratso da ƙwaryar nono a ka. Dalmar ta huda ƙwaryar, nono na zuba mata a fuska da wuya, tana tsaye ta kasa motsi. Tsakanin hujin da goshinta bai kai taƙi ɗaya ba. Har yau idan na ga ana juye nono sai in kau da kai. Isufu ya ba ta haƙuri da Fillancin da ya koya a wajen aiki, ya raka ta har rugarsu ya gaya wa mijinta gaskiya. Da ya dawo bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ya ce, "Mamman, kai da kunamar bindigag ga har abada."

Kuma har abadan yake nufi. Na yi ban-baki, na yi fushi, na turo gwaggo da kanta, bai sake bari na sa mata dalma ba.

To wannan mutumin ne, da ciwonsa ya yi tsanani, ya kira ni wata hantsi ya sa aka miƙo mini ita a naɗe cikin buhu. Ya ce in riƙe wa ɗansa Lawali, kada in ba shi sai ranar da ya nema da kansa kuma ya cika Juma'a uku. Na ce duk garin nan bai ga wanda zai ba amanar ba sai wanda ya kora?

Ya ce, "Kai ɗai ka taɓa ganin nono na zuba. Sauran labari suka ji."

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. A zamaninsa mutum kan rataya bindigar iska a moto ya ratsa kasuwa, a yi masa ba'a kawai. Yanzu da hankula ba su kwanta ba, duk abin da ya yi kama da bindiga tayar da gaba yake yi, kuma da gaskiyar mutane. A gefe guda kuma ga samari a salula suna ɗaukar hoto da bindigar roba, suna auna fuskar abokansu suna dariya. Isufu da ko muciya ba ya yarda a nuna mutum da ita, ina jin da ya bi su gida gida.

A cikin irin waɗannan hotunan Lawali ya ga masu gasar harbin allon saiti, sha'awa ta kama shi. Yanzu magidanci ne, yana da shagon kayan moto a Mayahi. Ya zo ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya zo karɓar kayan mahaifinsa. Na gaya masa sharaɗin, ya yi murmushi irin na wanda ke lallashin tsoho, ya ce ai ya riga ya koya a salula. Na ce to ya je salular ta ba shi bindiga.

Nan fa magana ta tashi. Aka ce Mamman ya danne kayan maraya. Wasu suka ce na daɗe da sayar da ita, wasu suka ce haushin korar da aka yi mini nake hucewa a kan ɗa. A wajen wani suna a Atantane na ga mutane sun yi shiru da na iso. Ni da ban taɓa riƙe allurar wani ba, a tsufana ake nuna ni da baki saboda bindigar harbin gwangwani. Hajiya Rabi ma ta aiko a kira ni.

Ta ce, "Malam Mamman, ka ba yaron ga kayan ubanshi ka huta mu huta. Shi mai dokar ya tahi, mi ya rage?"

Na ce abin da ya rage shi ne na amsa masa, kuma ba ya nan balle in je in warware.

Da Lawali ya ga ba ni da niyyar sauka, ya je ya sanar da hukuma kamar yadda na ce, ya fara zuwa. Juma'ar farko ya yi yawo da bindiga a karye, fuska a murtuke. Ta biyu ya koyi saiti. Duk biyun mun zagaya bayan tudu tare, ba mu tarar da komai ba sai kashin awaki da karan gero.

Juma'a ta uku, wato wadda ta wuce, gwiwata ta tashi da ciwo, rana kuma ta ƙi sanyi. Muka jera gwangwani biyar a gindin tudu. Na dubi rairayin nan, na dubi ƙafata, na ji duk na gaji da Isufu da dokarsa da surutun mutane. Na ce wa Lawali ya sa dalma kawai, sau biyu muna zagayawa ba kowa.

Ya ce, "A'a hwa, Baba. Kun sa ni tahiya Juma'a biyu a banza, ta yau ma sai na cika ta, kada gobe ku ce ban cika ba."

Da haushi ya faɗa, da haushi ya tafi. Ya daɗe. Da ya dawo bai dube ni ba, ya durƙusa ya kwashe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya ya zuba a buhu. Sannan ya ce Fulani ne suka sauka shekaranjiya don kiwon kara, kuma akwai jinjiri kwance a tabarma a inuwar tudun, 'yar'uwarsa na kora masa ƙuda.

Zama na yi a ƙasa. Lawali sabon hannu ne, dalmarsa ta farko za ta iya yin sama ta tsallake tudun. Ni da aka zaɓa don na taɓa gani da idona, ni ne na ce a bar zagaye, karo na biyu, da furfurata. Na ji kunya irin wadda ban ji ba ko a gaban Bafillatanar nan.

A wurin na karya bindigar na miƙa masa. Ya karɓa bakinta na kallon ƙasa, ba tare da na tuna masa ba. Har yau bai harba ko ɗaya ba, yana neman wani tudun ta wajen Mayahi.

Idan na auna abin da Isufu ya bari, bindigar ba komai ba ce, ta tsufa, har ƙotarta ta tsage. Gwangwanayensa tsatsa ta cinye. Abin da ya saura shi ne 'yar tafiyar nan da na yi shekaru ina yi wa dariya, wadda ɗansa ya yi don ya ƙure ni, ta kuma yi aikinta duk da haka.

Lawali ya ce in riƙa raka shi ranar Juma'a. Na amsa, amma na gaya masa hukuncin ubansa na nan, ba zan taɓa kunama ba. Aikina zagaye, ko gwiwa ta so ko ta ƙi. Allah ya kai haske kabarinka, Sarkin Gwangwani. Shekara bakwai kana kwance, ni kuwa ka bar ni ina haki a cikin rairayi.