Ranar Da Na Amsa Cewa Ni Na Haife Ta

Ƙarshen damina ne, tafki ya cika har ya taɓa gindin gawo, amma shekarar ba ta yi wa masunta daɗi ba. Kifi ya yi wuya, man jirgi ya yi tsada, hanya kuma ba a binta da kwanciyar hankali. A cikin wannan shekara akwai rana guda da har yau ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin tara samfur bayanmu, ina so ku ji ta daga bakina.

Ni mai bandar kifi ce a Yelwa kafin in shiga wannan aiki. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, na iya rubuta lamba da sunan wuri ba tare da kuskure ba, shi ya sa aka ɗauke ni. Tsarin aikin kuwa ga shi, saboda wanda bai sani ba. Dakta ce shugaba. Ƙarƙashinta akwai jami'in ɗakin gwaji, sai mu masu tara samfur. Idan masunci ya fito da kifi, mukan nemi izininsa, mu sa safar hannu, mu yanki ɗan ƙyalle daga gefen wutsiya, bai kai farce ba. Mu jefa shi a 'yar kwalba mai ruwan sifirit irin na asibiti, mu rubuta lamba, mu sa a kula, wato akwatin sanyi. Almakashi kuma sai an goge shi kafin a taɓa wani kifin, don kada gadon wannan ya gauraya da na wancan.

Gado na ce, domin shi Dakta take karantawa. Ta taɓa yi mana bayani cewa a jikin kowace halitta Allah ya ajiye rubutu da ake gada daga kakanni, kuma yana sauyawa kaɗan-kaɗan daga iyaye zuwa jikoki. Tambayarta ita ce: tun da madatsar ruwa ta raba kogi, tarwaɗar sama da ta ƙasa har yanzu dangi ɗaya ne, ko sun fara rabuwa?

Abin da abokan aikina da yawa ba su sani ba a lokacin shi ne, Dakta 'yar farina ce. Ana yaye ta ƙanwar babanta ta ɗauke ta zuwa birni, can ta yi boko, ta wuce jami'a, ta ƙetare teku ta dawo. Ni kuwa irin tarbiyyarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Ita tana kirana Yaya. Ni ina kiranta Dakta kamar kowa, sunan aikin ya ma zo ya rufa mini asiri.

Mun gama Shanga, mun gama bakin Yelwa, saura wata tunga a gefen Ngaski. Dakta ta ce in babu samfurin wannan wuri, sauran da muka tara ba su da abin da za a gwada su da shi. Izinin tafiyarmu kuma ya kusa ƙarewa, in muka koma hannu rabbana sai wata shekarar, in ma an sake ba mu dama. Tungar nan kuwa can aka binne cibiyata. Sarkin Ruwan wurin taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mun yi wasan ƙasa tare.

Muka isa da hantsi, jirage suna fitowa. Dakta ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe kula ta nuna masa komai, ta yi bayani da Hausa mai sauƙi. Ya saurara har ta gama. Sai wata mai banda, Asabe, ta ɗaga murya daga baya.

"Ranka ya daɗe, kifi ya gudu bana, yanzu kuma a yanke mishi wutsiya a rufe a kwalba da rubutu? In ba ɗaure ruwa za a yi ba, mi za a yi da shi?"

Wani dattijo ya ce baƙi sun taɓa zuwa suka auna taru, bayan tafiyarsu aka zo aka hana su wani irin kamu. Nan take maza suka fara ja da kwandunansu baya.

Sarkin Ruwa ya ce, "Malama, maganarki ta shiga kunne. Amma a nan baƙo bai taɓa kamun mutane sai wani mai jinin ruwan nan ya tsaya mishi, in abu ya ɓaci a san ƙofar da za a buga. Wa ya tsaya miki?"

Na matsa a hankali na ce, "Ni na tsaya mata."

Ya dube ni ya yi dariya. "Kulu, baiwata, ashe kina nan? Ke 'yar aikinta ce. Ɗan aiki ai inda aka tura shi yake zuwa. Ki tsaya mata a matsayin wa?"

Na ce na san halinta, mutuniyar kirki ce.

"Ban tambaye ki hali ba. Ɗiyar wa ce?"

Na faɗi sunan unguwar da ta girma. Ya ce unguwa ba ta haihuwa. Mutane suka yi dariya. Amsar da yake nema kuwa ban taɓa furta ta ba, ko a ɗakina. Na saci kallon Dakta. Ta sunkuyar da kai, ta fara mayar da kwalabe cikin kula. Da ta so, kalma ɗaya ta ishe ta, ta ce ga uwata nan. Ba ta faɗa ba. Ta gwammace aikin shekara ya zube da ta tsinka ni a gaban dangina. Ta ce a hankali, "Yaya, mu tafi, ba komai."

Wannan "ba komai" ɗin shi ya hana ni tafiya. Na tuna yarinyar da ba ta taɓa jin na yabe ta ba, ko ranar da aka kira ta Dakta. Na gyara tsayuwa na ce, "Ɗiyata ce. Ni na haife ta. Jikar babana Ɗantani mai taru ce, wanda ya koya wa rabinku tuƙi. In ruwan nan ya ɓaci saboda ita, ƙofata za ku buga."

Sai Asabe ta rangaɗa guɗa, mata suka kama. Sarkin Ruwa ya riƙe ciki yana dariya.

"Tun da ta sauko daga jirgi na ga takun kawu Ɗantani. Amma ni in na faɗa, cewa za a yi Sarki ya ci wani abu. Ke ya kamata su ji. Kin ga yau na sa baiwata ta yi magana!"

Na ce, "Allah ya shirye ka, bawa, har ka tsufa ba ka daina mugunta ba."

Da hannunsa ya ɗauko tarwaɗa ta fari ya miƙa wa Dakta. Ta ce ba za ta yanka ba sai ta yi alkawari a gaban kowa: duk abin da ta gano za ta dawo ta faɗa musu da bakinta kafin a ji shi a waje. Kuma ta cika. Ta dawo ta zauna a kan tabarma ta yi musu bayani har suka gaji da tambaya.

Yau farfesa ce. An ce masana a wasu ƙasashe suna kafa hujja da rubutunta, ana gayyatarta ta yi jawabi, ɗaliban da ta yaye wasu sun zama daktoci suna yaye nasu. Ba na iya karanta Turancin, amma na san kwalaben da aka fara da su, lambobin jikinsu rubutuna ne. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan almakashi da kwalba su ne masu sauƙi. Kifin na mutane ne, sai sun san wanda ke taɓa shi. Kada ku yi fushi in an tambaye ku ɗan wa ne ku.

A tungar muka kwana ranar. Ba mu yi maganar ba, ni da ita, har yau ma ba mu yi ba. Washegari na yi sallar asuba, na goge almakashi, na ɗauki kula na nufi bakin ruwa. Asabe na can ta riga kowa, ta hango ni ta ɗaga kwando.

"Uwar Dakta! Zo ki fara da nawa!"

Dakta tana bayana, na ji takunta ya tsaya. Ban sunkuyar da kai ba. Na ce, "Na'am, ga ni nan zuwa."